Karan Dawa a Bakin Kanal

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, ga shi na zo da labarin da kai kaɗai za ka gane shi tun daga tushe.

Ranar da na ce maka zan karanci yadda ruwan teku ke tafiya, dariya ka yi har hularka ta karkace. 'Yar Kura, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga ba! To Baba, shekara uku na yi ina gina lissafi a kwamfuta, mai faɗin inda ruwan teku zai nufa. A kansa digirina na uku ya rataya.

Da lokacin gwaji ya yi, aka fita da mu a jirgin ruwa. Muka saki na'urori takwas masu yawo a saman ruwa, suna aiko mana da duk inda suka kai. Lissafina ya ce gabas za su yi. Biyar suka yi gabas. Uku suka karkata kudu abinsu, ko kunyata ba su ji ba.

Wani abokin karatuna ya ba ni shawara don tausayi: in ce ukun nan sun lalace, in cire su, ba mai tambaya. Ba zan ɓoye maka ba, shawarar ta yi mini daɗi. In na bar su, sai na warware aikin, shekara guda ta ƙaru mini.

Sai ka faɗo mini a rai, lokacin da kake aikin raba wa manoman rani ruwan kanal. Takardar rabon ruwa takan ce in an buɗe ƙofar ruwa da safe, kafin azahar gonakin ƙarshen layi sun sha. Kai kuwa sai ka karyo karan dawa, ka jefa a kanal, ka naɗe wando ka bi shi da ƙafa ta hanyar Bunkure. Manoma har suna suka sa maka, wai makiyayin kara.

Na tuna ranar da karan ya tsaya cak a wata kwana. Ciyawar kacala ce ta toshe hanya, tumatirin mutanen ƙarshe na yaushi, a takarda kuwa tuni sun sha sun ƙoshi. Ka dube ni ka ce, “Takarda ba ta jiƙa gona. Ruwa bai iya karatu ba, bin sa ake yi.”

Na koma na binciki na'urorin nan uku, lafiyarsu ƙalau. Ranar da na tsaya gaban malamaina, da su na fara kafin biyar ɗin da suka yi mini biyayya. Na ce lissafina ne ya kuskure. Daga baya na gano kacalata: ruwan kogi da ke kwarara cikin teku da damina, shi na raina a lissafin.

An ƙara mini shekarar. Abokaina sun sa rigar kammalawa ina kallo, kuma ya yi mini ciwo. Amma ban yi da-na-sani ba, domin yanzu na san inda zan gyara, kuma zan gyara in sha Allahu.

Ina gida hutu. Ɗazu da hantsi na je kanal, na karyo kara na jefa, na bi shi mutane na kallona. Bai tsaya ko'ina ba, Baba, sai bakin gonarka, inda Yaya Sani ya dasa albasa. Nan na zauna na yi kukan kewarka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka tsaya har na ƙarshen layi suka sha.

'Yarka mai bin kara,
Hauwa'u