Ni a Gaba, Inna a Baya

Birnin Gwari, daren Laraba

Ban faɗa wa kowa ba, amma na ji muryar Inna a cikin jirgin saman nan.

Da za mu dawo daga Ikko bayan sunan ɗan Baffa, Baffan ya zaunar da ni kusa da shi a gaba, wajen manya, Inna kuwa tana can bayan labule. Aka kawo mini kaza da cokali mai yatsu. Da jirgin ya fara jijjiga, sai na jiyo ta tana salati da ƙarfi. Na so in tashi, amma kunyar Baffa ta danne ni har muka sauka Kaduna.

Yau Inna tana surfe tana gaya wa maƙwabta, "Yarinyar nan fa da manya ta zauna, har da cokali!" Na ajiye tuwona na shige ɗaki.

Baffa yana so ya ɗauke ni riƙo, in yi sakandare a Ikko. Jibi zai aiko a ji amsa. Gobe zan faɗa wa Baba da bakina: ina son karatun, amma a Zariya, inda ko motar katako za ta iya kawo ni gida.