Sauron Dagona Bai Mutu Ba

Nuraini,

Na tafi Nguru duba Wasila, ban so in tashe ki ba. Kununki na cikin fulas.

Jiya kina ta mita wai sakamakon gwajin maganin sauronki ya ƙi fita daidai. Na yi zargin wani abu, amma ban tabbatar ba. Bayan asuba na haɗa takardar da kika buga daga kwamfuta da littafinki na rubutun hannu, ina bin layi-layi da tsinken tsintsiya. Ashe sunayen garuruwa kaɗai kika sake jerawa a kwamfuta, lambobin suka tsaya inda suke. Sakamakon Jajimaji ne ya faɗa gaban Dagona.

Don Allah kar ki tura wa malamarki Madam Nkechi aikin da ƙarfe sha biyun nan sai kin koma tsohon jadawalin, kin jera sunaye da lambobi tare. Na ɗiga biro a layuka bakwai da suka kauce.

Kin san abin da ya tona shi? Jadawalinki ya ce sauron Dagona duk ya mutu cikin awa ɗaya. Haba, 'yar nan! Shekara ashirin na yi ina zaman aure a garin, ban ga abin da ya kashe shi ba.

Goggonki Hajjo