Gujiya guda da hannun Inna

Yaya Alhassan,

Gaisuwa mai yawa daga Agadas. Ina gajiya, ina zaman Yamai? Yaya Rakiya da yara? Allah ya sa kowa lafiya. Mu ma da godiya, sai dai rijiyoyin Dabaga sun ƙafe, jar dawar da kamiyon soji, babbar motar nan tasu, ke rabawa muke ci.

Ran nan a lakkol mushe, wato malaminmu, ya soke gujiya guda da allura, ya kunna mata wuta ƙarƙashin gwangwanin ruwa. Muna kallo termometir, ma'aunin zafin da ya sa cikin ruwan, ya yi ta hawa. Ya ce zafin da ya shiga ruwan nan shi ake aunawa da kalori, shi ne kuma wutar da abinci ke hurawa a jikin mutum. Wanda bai ƙoshi ba, jikinsa ne itacen.

Yaya, sai hannun Inna ya faɗo mini a rai. Duk zafin garin nan, in ta taɓa ni sanyi ƙalau yake. Kullum ita ke rabon tuwo, ta ce ta ci nata a madafa.

Da na koma gida na ce mata daga yau kwano ɗaya za mu ci, in ba ta kai loma ba ni ma ba ni kaiwa. Ta ce, "Rashin kunyar da ake koya muku ke nan?" Amma ta wanke hannu ta zauna.

In ka sami mai zuwa, aiko da gujiya ko kaɗan ce. A taya mu roƙon ruwa, a gaida mutanen gida duka. Jiya na riƙe hannun Inna wai ina duba lalle. Ya fara ɗumi.

Ƙanwarka,
Mariama