Ƙofa Bakwai a Hula Ɗaya

Gidan Kanya, ta Ɗambatta,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gyaran waya. Mu nan lafiya lau, sai tsadar da ka sani. Bana rabin gona muka sa wa taki, rabin muka bar wa Allah. Idon Baba yana nan yadda ka bar shi, sai ya kai yadi dab da hancinsa yake ganin layi.

Maganar Jaji ce, mai kawo mana yadi da zare, ta sa na ɗauki biro. Shekara ashirin yana ajiye wa Baba yadi, Baba ya zana masa hula, mu mata mu ɗinka, da shi muke cefane. To yau sati shida bai ajiye ko ƙyalle ba. Zanannen yadi yake rabawa gida gida. Wai wata na'ura ce a wayarsa, ana ce mata AI. Yana faɗa mata abin da yake so, sai ta ƙago masa zane goma kafin shayinsa ya huce, ya kai Kano a buga. Baba kuwa kullum da hantsi sai ya fiƙe fensir ya zauna a zaure yana jira.

Na karɓi yadi ɗaya, don ba a fushi da abinci a wannan zamani. Ina shimfiɗa shi sai na ga abin da ban zata ba. Ka tuna ɗigo ukun da Baba yake sawa inda mai ɗinki za ta fara soka allura, wanda yake kira ƙofa? Ba ado ba ne, zare yake rufe shi, babu wanda ya taɓa ganinsa a jikin hular da aka gama. To ga shi nan har bakwai, an jera su a kewaye kamar furanni. Jaji ya rantse na'urar daga kanta take ƙago komai. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Abin da bai ga littafin zanen Baba da ke kulle a akwati ba, ba zai san ƙofa ba.

Kai ka san kan waya. Don Allah ka tambaya mini, shin tana iya leƙa akwatin mutum ba a buɗe mata ba?

Yayarka,
Luba.

Ranar Asabar.

Iliyasu,

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya zaman birni? Ban ga amsarka ba, na ce ko direban Ɗambatta ne ya manta da takardar a aljihu.

Na yi abin kunya. Hafsatu maƙwabciyarmu na zarga, don ita take shiga zaure karɓar zane, kuma Jaji ya fi ba ta aiki. Na tare ta a bakin rijiya na faɗa mata magana mara daɗi a gaban mata. Ta yi kuka ta ce wayarta ko hoto ba ta ɗauka, kuma gaskiya ta faɗa. Yau kwana huɗu ba ta aiko neman wuta ba, ni ma ban iya haɗa ido da ita ba.

Na'urar kuwa har yanzu ban yarda da ita ba. Na sa Jaji ya nuna mini. Tana magana da ladabi kamar surukin da ya zo neman iri, kome ka ce sai ta yaba. Na sa ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce daga misalan da aka ba ta take koyo, ta haɗa ta fitar da sabo. Da jin haka Jaji ya sa wayar a aljihu, wai caji ya kusa ƙarewa.

Shekaranjiya ina sussukar gero sai wani abu ya faɗo mini. Da ka zo ƙaramar sallah, ka ce Baba ya ba ka makullin akwati za ka kaɗe wa littafin ƙura. Ka daɗe a bayan rumbu, inda haske yake da kyau. Kuma a motar Jaji ka koma Kano, kai da kake cewa surutunsa yana sa maka ciwon kai.

Ban ce komai ba, Iliyasu, tambaya nake yi. Ni na goye ka, kada ka bar ni ina zargin mutanen gari.

Taka,
Luba.

Ranar Alhamis.

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta zo, na karanta ta sau uku. Ka ce tsoro ka ji kada idon Baba ya tafi da zanensa, shi ya sa ka ɗauki hoton littafin ka ba na'ura, Jaji kuma ya yi alkawarin ba zai daina kawo aiki ba. Na yarda ba mugunta ka nufa ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na je na roƙi Hafsatu gafara, ta yafe.

Ga abin da ya biyo baya. Matan gari sun saba neman ƙofa su fara ɗinki. Da suka ga bakwai, kowa ta fara daga wadda ta yi mata. Huluna suka fito haɗin baya bai haɗu ba, wasu ma haɗin a goshi yake. 'Yan kasuwa suka dawo wa Jaji da kayansa.

Na kai wa Baba tawa da na gama. Ya bi ta da yatsa a hankali har ya zagayo. Ya ce almajirin da ya yi wannan zanen yana da kai, akwai wata lanƙwasa a gefe da shi bai taɓa tunaninta ba a shekara arba'in, amma da gani bai taɓa riƙe allura ba. Yabon nan ya fi komai yi mini ciwo, don na ga da gaske yake.

Jiya Jaji ya zo da damin yadi, yana ta sunkuyar da kai. Ba sabon zane ya zo nema ba. So yake Baba ya riƙa duba na na'urar, ya soke ƙofa shida ya bar ta gaskiya. Na ɗauka zai kore shi. Baba ya juya wajen rumbu, sannan ya miƙa hannu ya karɓa. Yanzu haka yana zaure, hanci a kan yadi, yana gyara wa na'ura aiki.

Ban faɗa masa sunanka ba, shi ma bai tambaya ba. Amma da safen nan ya buɗe akwati da kansa, ya naɗe littafin a tsohon rawaninsa, ya ce in haɗa da wannan takarda in ba direba. Ya ce in gaya maka akwai shafi biyu a ƙarshe da suka manne, ba ka ɗauke su ba, ka buɗe su a hankali kada su yage.

Ka zo gida, Iliyasu. Ya fi son ya ji daga bakinka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Luba Uwaisu.