Wa Ya Fasa Tayar Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya sa kana bin maganar likita, ba taurin kai irin na gidanmu ba. Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai kunne ya ƙara nauyi, yanzu kafin ta amsa kira maƙwabta sun riga sun amsa. Maigidana kuma ya gyara rufin kicin, ruwan da ke zuba ta wuri ɗaya yanzu ta wuri biyu yake zuba, amma kada ka ce na faɗa maka.

Saƙonka ya iso ranar Talata, kuma wallahi da na buɗe kwalin na ga tayoyin keken nan biyu, sai da na yi tsalle a tsakar gida kamar ba uwar 'ya'ya huɗu ba. Allah ya saka da alheri. Tafiyar tana nan, Asabar mai zuwa, ni da abokan aikina uku na asibiti. Kwana biyu za mu yi a kan keke, kusan duk hanyar tsakuwa ce, har tafkin nan na bayan dutse. E, shi dai, wanda muka nufa a kan keken Baba kana da shekara goma sha huɗu ina da tara, taya ta fashe a rabin hanya, muka juyo kana turawa. Tun ranar kowa a gidan nan yake kiranka Fasa-Taya, har jikokin Inna da ba su san mafarin sunan ba. Shekara arba'in ke nan ban ga tafkin nan ba, bana kuwa in Allah ya yarda sai na tsoma ƙafata a ciki.

To, Yaya, ka gyara zama, akwai magana. Na kai tayoyinka wurin tsohon da ke gyara mana kekuna, wanda muke kira Sarkin Faci. Ya juya su, ya shafa, ya yaba kyansu, sannan ya ce waɗannan na tsere ne a kan kwalta. Sirara ne, sumul, ba haƙori ko ɗaya. Ya ce in na hau tsakuwa da su za su riƙa nutsewa suna zamewa, kafin azahar kuma haƙorana sun gama kaɗuwa. Raina ya ɗan sosu saboda kai, amma tsohon nan bai saba faɗin abin da bai sani ba. Sai ya sauko da kala biyu daga rataye, ya ce kada in yarda da bakinsa, in gwada a lungun bayan shagonsa inda aka zube tsakuwar gini. Na farko ƙato ne mai manyan haƙora, irin na shiga taɓo, riƙo kam yana da shi, amma nauyi kamar ina jan turmi. Na biyu matsakaici, faɗinsa kamar yatsu biyu da rabi, haƙoran tsakiya ƙanana, na gefe manya don shan kwana. Kai, Yaya! Keken nan tafiya yake kamar ya san hanya. Sau shida na kai na komo ina dariya ni kaɗai. Shi na zaɓa. Ba ya ma buƙatar tif, wani farin ruwa mai danƙo ake zuba masa. A gabana tsohon ya soka masa ƙusa ya zare, ya juya tayar, hujin ya toshe da kansa. Na ce ikon Allah, ina ma a zamaninmu.

Da ya gama ɗaurawa, sai na karɓi famfo don in nuna masa ni ma 'yar mai keke ce. Na shiga bugawa irin yadda Baba ya koya mana, sai babban yatsa ya kasa dannawa, sai an ƙwanƙwasa an ji tana ƙara. Tsohon ya fizge famfon yana salati, ya tambaye ni ko so nake in kwana a daji. Ya ce taurin nan na kwalta ne, inda Baba ya yi rayuwarsa yana kai saƙo. A kan tsakuwa sai an bar wa taya sassauci ta riƙa lanƙwasa a kan dutse. In aka cika ta tam, ga zafin rana, ga nauyi, dutse mai kaifi ɗaya ya isa ya tarwatsa ta, balle tsohuwar taya. Yana magana yana sace iskar, ni kuwa na nemi benci na zauna.

Yaya, ka tuna safiyar nan? Ka buga iska daidai, ka danna ka ce ta isa, ka shiga ciki ɗauko gorar ruwa. Kana shiga na ɗauki famfon na ƙara bugu ashirin, har da hawa kai da dukan ƙarfina, wai don mu yi saurin isa. Wallahi ban taɓa haɗa wannan da fashewar ba sai a shagon nan. A gidanmu ai ba a san iska tana yin yawa ba. Kai ka tura keken har gida ina zaune a kan kariyar baya saboda ƙafata ta kumbura, kai ka sha dukan Baba, Allah ya jiƙansa, kai aka hana hawa keke wata uku. Ni kuma har da ni a masu tsokanarka, na ma fi kowa baki. Na faɗa wa Inna, sai da na maimaita sau uku da ƙarfi, ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta ce Allah sarki ɗanta. Kunya ta ishe ni, Yaya. Don Allah ka yafe mini.

Tayoyinka ba zan ba kowa ba. Na sa an ɗaura su a keken maigidana, titin ƙofar gida kwalta ne, suna jiran ranar da za ka zo. In na isa tafkin, kai zan fara kira ka ji ƙarar ruwan.

Ka gaida Anti da kyau, da babbar 'yarka Likitar Gida, da Ƙaramin Baba mai cin littafi. Inna tana sa muku albarka, maigidana yana gaisuwa. Na riga na sanar wa kowa a gida cewa daga yau sunanka Yaya kawai, ɗaya sunan ya koma wurin mai shi.

Taka har kullum,
ƙanwarka, Fasa-Taya.