Ba Mantuwa Ta Hana Baba Faɗin Sunanka Ba

Turba, 9 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga yayana Wada a Barazabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inno ta yi sauƙi, Rahmatu ta yaye ɗanta. Fari kam ka ji labarinsa, bara ko dami goma ba mu ɗaure ba, shanun ƙauyen Kurawa duk sun yi kudu. Abin da ya rage muna shi ne rumbun irin nan da Baba ya liƙe da laka, ya ce ko ganyen tafasa za mu ci, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka.

Yaya, takardarka ta biyu ce ta tayar mini da hankali. A ta farko ka ce likitocin da kake yi wa tafinta suna auna ƙwaƙwalwar mutanen Kwango masu lafiya, don su san inda mantuwar tsufa ta tsaya da inda ciwo ya fara, shi ya sa ka aiko da tambayoyinsu a gwada Baba. Ban zarge ka ba. Amma don Allah mi ya sa ka damƙa su ga Wakili ɗan Kawu Malami, mutumin da tun kaka yake zagayen rumbun nan? Ai ba a ba kura ajiyar nama.

Ina zaune anka yi gwajin, bari in gaya maka abin da bai rubuto maka ba. Ya yi ta karanta wa Baba kalmomi goma sha biyar don ya maido su da ka, har da su kwalekwale da ayaba, abubuwan ƙasarku ta ruwa. A karo na biyar Baba ya maido sha biyu, ni da nike bi a zuci tara na kama. Sai Wakili ya ce ya lissafo ɗiyansa bi da bi. Baba ya fara da ni, ya sauka har kan auta. Sau uku Wakili yana tambayar wa ke gabana, Baba ya duƙar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Shi ne Wakili ya rubuto maka wai tsoho ya manta ɗansa na fari. Haba! A Gobir anka haifi Wakili, uwarsa har ta koma ga Allah ba ta kama sunan ɗanta na fari ba. Ya san kunya ce sarai. Ni ban ma yarda tambayar nan tana cikin takardarka ba, don sa'ad da ya yi ta, ban ga idonsa kan takarda ba.

Kai kuma, da nisa ya sa ka manta al'adar gidanku, sai ka aiko da takarda ta biyu cewa a karɓe wa Baba ikon rumbu a ba Wakili. Wallahi na yi kuka, kuma na ji haushinka. Tuni an ga Wakili a kasuwar Bafarawa yana ƙus-ƙus da wasu fataken hatsi na Nijar. In irin nan ya fita, ko an yi ruwa mi za mu zuba a rami?

Na roƙi Baba ya faɗi sunan sau ɗaya gaban dattawa a huta. Ya ce shekara arba'in bai faɗa ba, ba zai soma don takarda ba. Ya kuma ce ba zai ƙaryata wancan na Kwango a bainar jama'a ba, in sati uku ya cika ba ka sake magana ba, da hannunsa zai fasa lakar ya miƙa wa Wakili. Ni dai za ni kai wannan takarda gidan waya na garin Isa da ƙafata, ban amince wa kowa ita ba. Ka amsa da sunana, kada ka bi ta hannun wani.

Inno da Rahmatu da Adda suna gaishe ka, a gai da Tani da yara. Baba bai aiko da gaisuwa ba, ya dai tambaye ni kwana nawa takarda ke yi kafin ta iso gare ka.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu