Kwalbar da Laoban ya ajiye mini

Daren Talata, masaukina a titin Huanshi Lu

Ƙafafuna sun kumbura, tun safe nake zagaye a kasuwar baje koli ta Pazhou. Amma ba gajiyar ce ta hana ni barci ba.

Da yamma Laoban, mai masana'antar da nake sarin takalma a wurinsa, ya kai ni cin abinci. Muna cikin ci sai ya fito da wata kwalbar jar giya, takardar jikinta har ta koɗe. Ya ce ranar da muka fara hulɗa, shekara tara ke nan, ya sayi guda biyu. Ɗaya ya buɗe a lokacin, ya ji ta da kaifi. Wannan kuwa ni ya ajiye wa, don irinta sai ta tsufa take laushi.

Laifina ne. Tun farko da ya yi mini tayin giya, olsa na ce masa ina da ita, don tsoron kada maganar addini ta ɓata ciniki. Ashe bawan Allah jira yake in warke.

Yau dai na faɗa masa gaskiya. Ya zuba wa kansa kaɗan, ya shinshina, ya kurɓa, ya ce yanzu ta koma kamar busasshen dabino. Sannan ya dube ni.

"Alhaji, da ka gaya mini, ai da shayi na ajiye maka. Shi ma yana tsufa."

Na yi ta istigfari a tasi, amma har yanzu ban san na wanne nake yi ba: zaman teburin, ko ƙaryar shekara tara.